Ɗakin da ke Goshin Jirgi: Abin da Muka Gani a Kwana Bakwai a Bahar Rum

A wani ofishin shirya tafiye-tafiye da ke Wuse II, a nan Abuja, aka fara maganar wannan ɗaki. Ni da maiɗakina mun daɗe da niyyar cewa idan Allah Ya nuna mana lokacin da na ajiye aikin gwamnati, za mu shiga irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda mutum yake kwana a cikinsu ya wayi gari kullum a wani sabon gari. Matashin da ya karɓe mu ya buɗe taswirar jirgin a kwamfuta, hawa bisa hawa, ya kai yatsansa can ƙarshen gaba a hawa na 11, ya ce, "Alhaji, ga ɗakin da ya dace da kai da Hajiya. Abin da kyaftin yake gani daga mazauninsa shi za ku riƙa gani daga barandarku, kuma irinsa ba su da yawa a jirgin gaba ɗaya." Bai yi mini ƙarya ba. Sai dai abin da ya faɗa rabin zance ne, ragowar kuwa sai da muka yi kwana bakwai a kan Bahar Rum a cikin watan Oktoba muka ji shi a jikinmu. Wannan sharhi a kan ɗakin ne kawai da kuma yadda aka sayar mana da shi, domin mutanenmu sun fara sha'awar irin wannan tafiya, kuma kuɗin da ake zubawa a cikinta ba ƙarami ba ne.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, ɗakunan irin wannan jirgi iri-iri ne. Akwai na ciki waɗanda ba su da taga sam, su ne mafi araha. Akwai masu tagar da ba a buɗewa, akwai masu baranda, kuma kusan dukansu gefen jirgi suke kallo, ko dama ko hagu. Kaɗan ne suke can baya suna kallon farin kumfar da jirgi ke barowa, kaɗan kuma suke a goshi suna fuskantar inda aka dosa. Namu yana cikin na ƙarshen nan. Jirgin ya haura mita 300 a tsawo, wato kusan filin ƙwallon ƙafa uku a jere, hanyarmu kuwa ta taso daga Baselona a Sifaniya zuwa Marsai a Faransa, sannan Jenowa da Napoli da Mesina a Italiya, sai Baleta babban birnin Malta, daga nan yini guda cur a kan ruwa kafin a komo Baselona.

Da muka buɗe ƙofa ran farko, ɗakin ya burge mu ƙwarai. Ya fi na gefe da muka leƙa faɗi, har sallaya biyu suna shimfiɗuwa tsakanin gado da ƙofar baranda ba tare da an matsar da kujera ba, wanda a jirgin ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Gadon yana da kyau, zannuwa tsaf, ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, kuma ma'aikacin da ke kula da ɗakin, wani Musulmi ɗan Indunusiya, yana gyara shi ba tare da an neme shi ba. Banɗakin dai ƙarami ne kamar na sauran ɗakunan, kuma ba shi da abin tsarki da ruwa, saboda haka butar da Hajiya ta dage sai an saka a jaka ta yi mana rana. Abu na farko da ya sage mini gwiwa shi ne barandar. A ɗakunan gefe bangon baranda gilashi ne, kana zaune a kujera kana kallon ruwa. A namu ƙarfe ne mai kauri da ya kawo kusan ƙirjina, domin shi ne ke tare iska da feshin ruwa. Idan ka zauna, sama kaɗai kake gani, teku kuwa sai ka miƙe tsaye. A ofishin Wuse babu wanda ya ambaci wannan, kuma hoton da aka nuna mana na ɗakin gefe ne.

Daren farko shi ne ya fi kowane wuya. Mun bar Baselona da yamma ruwa kwance luf, muka ci abinci, muka yi salla, muka kwanta. Wajen tsakar dare jirgin ya shiga yankin tekun da ake kira Liyon, a kudancin Faransa, inda wata iska mai sanyi da ƙarfi da ake kira Mistiral take gangarowa ta kwarin kogin Ron ta faɗa teku. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe da sanin wurin da tashin igiyar ruwa, musamman daga kaka zuwa bazara. Na farka na ji gadon yana ɗagawa a hankali kamar ana ɗauke mu, ya ɗan tsaya, sannan ya sauka har cikina ya biyo baya. Jefi-jefi goshin jirgin yakan faɗa wa wata babbar igiya, sai a ji wani kif daga ƙasa, ɗakin duka ya girgiza, maratayan kaya su yi ta karo da juna a cikin durowa.

Daga baya na fahimci dalilin, kuma shi ne abin da ya fi muhimmanci mai zaɓen ɗaki ya sani. Motsin jirgin ruwa iri biyu ne manya. Akwai tangaɗi hagu da dama, akwai kuma sunkuyo da ɗagowa, inda goshi ke nutsawa baya ya tashi, sannan goshi ya tashi baya ya sauka. Manyan jirage suna da wasu fukafukan ƙarfe da ke fitowa daga gefensu a ƙarƙashin ruwa, kuma suna rage tangaɗin hagu da dama sosai. Amma sunkuyo da ɗagowa ba su da wani abin kirki da za su yi masa. A ɗora tabarya a gicciye a kan turmi a riƙa danna bakinta ɗaya: tsakiyarta ba ta zuwa ko'ina, bakunan nan biyu su ke hawa da sauka. Haka jirgi yake. Wanda ke tsakiya a hawa na ƙasa yana kan turmi, mu kuwa muna kan bakin tabarya, kuma a can sama, inda kowane motsi yake ƙara faɗi.

Hajiya ce ta fi jin jiki. Jiri ya kama ta, zuciyarta ta yi ta tashi, ta yi amai har sau uku kafin ƙarfe biyu. Abin da ke kawo wannan ciwo saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke auna motsin jiki. Idan su suna shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana hawa ana sauka, ido kuma yana ganin bango da labule a tsaye cik, sai jiki ya rikice. Shi ya sa ake ba mutum shawara ya kafa idonsa a inda sama ta haɗu da ruwa. Da rana babu ɗakin da ya kai na goshi sauƙin yin haka, amma da dare babu abin da ake gani sai duhu. Ta sha ƙwayar hana jiri mai suna Stugeron da likitanta ya amince ta tafi da ita, ta tauna ɗanyar citta, duk da haka abin bai lafa ba, domin irin wannan magani kafin motsi ya fara ake shan sa. Da na ga haka sai na riƙe ta muka sauka zuwa wani zaure da ke tsakiyar jirgin a hawa na 5. Gani ya kori ji. A can ko shayin da ke cikin kofi bai cika motsi ba, mutane suna zaune suna hira, alhali jirgi ɗaya ne, dare ɗaya, teku ɗaya. A kan doguwar kujerar zauren nan ta samu barci har asuba.

Da gari ya waye na je wurin masu karɓar baƙi na roƙi a sauya mana ɗaki. Sun saurare ni cikin ladabi, suka duba, suka ce jirgin a cike yake. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya zaɓi ɗaki tun daga Abuja ya ƙaddara cewa a cikinsa zai ƙare tafiyar. Alhamdu lillahi, daga Marsai zuwa gaba teku ta kwanta, kuma sai a yinin ƙarshe, tsakanin Malta da Baselona, motsin ya ɗan dawo, wannan karon Hajiya ta sha maganinta tun da wuri.

Sai maganar iska. Ana auna gudun jirgin ruwa da wani ma'auni da ake kira not, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Irin waɗannan jirage sukan yi tafiya da not 20 ko kusa da haka idan hanya ta yi nisa, wato kimanin kilomita 37 a awa. Ko da babu iska ko kaɗan a teku, wanda ya tsaya a barandar goshi zai ji iska mai wannan ƙarfin tana dukan fuskarsa, tamkar wanda ya tsaya a bayan akori-kura tana gudu. Idan kuma aka yi daidai da iskar da ke tahowa daga gaba da ƙarfin kilomita 30, sai su haɗu su zama 67. Ni haifaffen Jos ne, na san iskar Disamba a kan tudu, amma ban taɓa tsayawa a cikin irin wadda na tarar a barandar nan ba. Hula ba ta zama a ka, mayafi ba ya tsayawa, ƙofar barandar ma sai an sa ƙarfi take buɗuwa, kuma da safe gishirin teku ya bushe a kan kujeru da gilashi. Akwai takardar gargaɗi a jikin ƙofar cewa kada a buɗe ta a lokaci ɗaya da ƙofar shiga ɗaki, domin iska takan ratsa ta maka ƙofa da ƙarfin da zai iya raunata hannu. Gaskiyar magana ita ce duk lokacin da jirgin yake gudu a tsakiyar teku barandar ba ta zaunuwa, kuma mun biya kuɗinta cif.

Akwai kuma dokar labule. Ɗakin matuƙa yana sama da mu kaɗan, kuma da dare a cikin duhu suke aiki domin idanunsu su iya tsinkayar fitilun wasu jirage da alamomin hanya daga nesa. Hasken da ya fito daga ɗakunan goshi yana haska gaban jirgin ya dame su, saboda haka da faɗuwar rana ma'aikacin ɗakin yake zuwa ya ja labule mai kauri, kuma ba a kunna fitilar baranda. Wannan doka ban ji haushinta ba ko kaɗan, domin lafiyar dubban mutane ta rataya a kanta. Na ma gano cewa idan aka kashe kowace fitila a ɗakin, ana iya zuge labulen a zauna a duhu. A daren da muka baro Napoli na yi haka, na ga taurari da yawan da rabona da gani tun ina yaro a ƙauyen kakanninmu, da na miƙe tsaye kuma na ga fitilun jiragen kamun kifi suna tahowa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta gefe.

Duk da wannan lissafi, ban yi da-na-sanin sanin ɗakin ba, kuma dalilin yana cikin sa'a guda tak a kowace rana.

Jiragen nan da dare suke tafiya, da sassafe suke shiga tasha. A ƙarƙashin goshin akwai wasu farfeloli da aka girka a cikin ramukan da suka ratsa jikin jirgin daga gefe zuwa gefe, aikinsu tura shi a kaikaice har ya jingina da matsaya. Idan aka kunna su, ɗakunan gaba sukan ɗauki wani kurɗi mai girgiza gado, sannan injinan da ke jan igiyoyin ɗaure jirgi, waɗanda su ma a gaba suke, su biyo da nasu ƙara. Wasu Turawa maƙwabtanmu sun yi ta ƙorafi a kan wannan, domin sun kai dare a wuraren kiɗa suna son barcin safe. Mu kuwa da muke tashi sallar asuba, ƙarar ba ta taɓa samun mu a kwance ba. A watan Oktoba rana ba ta fitowa a can sai wajen ƙarfe bakwai ko bayan haka, saboda haka muna idar da salla da azkar, gari yana soma haske, jirgin kuma ya rage gudu ƙwarai. Da raguwar gudu iska take faɗuwa, barandar da ba ta zaunuwa jiya ta zama wurin da ya fi ko'ina kyau a jirgin.

Daga nan nake ganin ƙaramin kwalekwale mai inji yana tahowa da jagoran tasha, mutumin garin da ya san kowane lungu na mashigar, wanda yake hawowa ya tsaya tare da kyaftin har a ɗaure jirgi. Daga nan na lura cewa fitilar ja kullum tana hagunmu, koriya tana dama idan muna shiga, kuma haka tsarin yake a tashoshin Turai da na Afirka. A Jenowa tsohuwar hasumiyar fitilar nan da suke kira Lantana, mai tsawon mita 77, wadda ginin da ake gani yanzu tun 1543 yake tsaye, ita ta fara bayyana kafin gidajen da suka hau kan tuddai. A Napoli rana ta fito ta wajen dutsen Besubiyos, wanda ya binne garin Pompei a shekara ta 79 Miladiyya kuma rabonsa da aman wuta tun 1944, ga shi a gabanka shiru, da gidajen mutane har gindinsa. A mashigin Mesina, inda tsakanin tsibirin Sisili da sauran Italiya bai wuce kimanin kilomita 3 ba a wurin da ya fi ƙunci, mai ɗakin gefe gaɓa ɗaya zai gani. Mu duka biyun muke gani a lokaci guda, Sisili a dama, babban yankin a hagu, ga jiragen fito suna gittawa ta gabanmu, waɗanda wasunsu har taragun jirgin ƙasa suke ɗauka su tsallakar.

Baleta ce ta fi tsaya mini a rai. Mashigar tashar ƙunci gare ta, da ganuwa a dama da ganuwa a hagu, an gina su da wani dutse mai launin ƙasa wanda hasken safiya yake mayarwa kamar zuma. A wannan tasha ce rundunar Daular Usmaniyya ta yi wa mayaƙan tsibirin Malta ƙawanya a 1565 ba ta ci su ba, kuma shekara guda bayan haka, a 1566, aka aza harsashin birnin. Jirgi mai tsawon mita 300 ya tunkari wannan ƙofa a hankali kamar ba ya motsi, ina tsaye ina ganin bangon yana matsowa har ina iya ƙirga tagogin gidajen da ke samansa. Hajiya, wadda tun daren farko ba ta son ko kallon barandar, ta fito da mayafinta ta tsaya kusa da ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Alhaji, wannan kam ko don shi kaɗai an zo." Ni ma abin da ke raina ke nan.

Akwai wani amfani da ban yi tsammani ba, wato gane alƙibla. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin jirgi, domin ƙarfen da ya kewaye mutum yana rikita shi. Amma talabijin ɗin ɗakin yana da tasha da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, kuma tun da tagarmu daidai take da goshin jirgi, lissafin ya zo da sauƙi. A Abuja mun saba fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, a yammacin Bahar Rum kuwa gabas ce mai karkata kudu. Daga Jenowa zuwa Napoli jirgin kudu maso gabas yake tafiya, sai mu fuskanci taga mu ɗan karkata hagu. Daga Malta zuwa Baselona arewa maso yamma ya dosa, sai mu ba taga baya. Ma'aikacin nan ɗan Indunusiya shi ya fara nuna mini wannan dabara, Allah Ya saka masa da alheri. Kafin tafiya na tambayi malaminmu hukuncin salla a jirgin ruwa, ya ce a tsaya matuƙar ana iyawa, idan jiri ko tsoron faɗuwa ya hana a zauna. A ɗakin goshi wannan rangwame ya yi wa Hajiya amfani a daren Liyon da kuma yinin ƙarshe.

Nisa ma abin dubawa ne. Babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiban abinci da kanka duk a bayan jirgin suke, saboda haka kowane cin abinci tafiya ce ta kusan tsawon jirgin, zuwa da dawowa, sau uku a rana, a cikin dogon lungu mai kafet. Ni na ɗauke shi motsa jiki, amma mai ciwon gwiwa ko dattijon da ke dogara sanda zai wahala. Ladan nisan shi ne shiru, domin babu mai bi ta ƙofarmu sai wanda ɗakinsa yake can. Ƙahon jirgin kuwa, wanda ake busawa wani lokaci idan za a bar tasha, a kanmu yake, kuma wanda yake baranda a lokacin zai ji shi har cikin ƙirjinsa.

Game da ofishin da ya shirya mana tafiyar, dole in yi musu adalci. Takardun neman bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, sun haɗa su tsaf, har da inshorar lafiya ta Yuro 30,000 da ake sharɗantawa, kuma da yake Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin tsarin, biza ɗaya ta ishe mu. Tikitin jirgin sama daga filin Nnamdi Azikiwe, da masaukin kwana ɗaya a Baselona kafin ranar tashi, da motar da ta kai mu tasha, babu wanda ya samu tangarɗa. Inda suka gaza shi ne wurin ɗakin, kuma gazawar ta rashin tambaya ce. Babu wanda ya tambaye mu ko mun taɓa hawa jirgin ruwa, ko a cikinmu akwai mai yin jiri a mota, ko mun san yanayin teku a watan da muka zaɓa. Hajiya tun tana budurwa ba ta iya zama a kujerar baya daga Abuja zuwa Jos sai ta yi amai a hawan da ke bayan Akwanga. Da an yi mana wannan tambaya guda, da zancen ɗakin goshi ya mutu a nan take. Ina kyautata zaton matashin bai taɓa kwana a jirgin ruwa ba, abin da ke cikin takardar talla ya maimaita mana da zuciya ɗaya. Da muka dawo na koma ofishin na zauna da shugabarsu na faɗa mata wannan duka. Ta saurara, ta ɗauki biro ta rubuta, ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba mu san da maganar bangon ƙarfen nan ba." Na yarda da ita, kuma rashin sanin ne nake ganin bai dace da mai karɓar kuɗin mutane ba.

Wanda yake tunanin wannan ɗaki, ya fara da tambayar cikinsa da na abokin tafiyarsa, domin ɗaki ɗaya za su kwana. Idan akwai mai jiri, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko ƙananan yara, a nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa a huta. Idan kowa lafiya lau ne, to a duba hanya da lokaci. Bahar Rum ta fi kwanciya a watannin Yuni zuwa Agusta fiye da ƙarshen shekara, jiragen da ke zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi a cikin ruwan da ƙasa ta kusa kewaye shi suke tafiya, tekun Atlantika kuwa wani zance ne daban. A nemi hoton ainihin ɗakin da lambarsa, kada a karɓi hoton wani irinsa. A tambaya ko bangon barandar ƙarfe ne ko gilashi, a duba taswira a ga abin da ke samansa da ƙasansa, domin a jirage da yawa babban zauren wasanni a gaba yake a hawa na ƙasa, kuma kiɗansa yana hawowa. Idan hanyar ta haɗa da ƙananan garuruwan da babban jirgi ba ya iya jingina, inda sai an saki anka a kwashi mutane da ƙananan jirage, a sani cewa sarƙar ankar a gaba take, kuma saukarta ba ta da sirri.

Tambayar da na fi so a yi, wadda ni ban san in yi ba, ita ce ko jirgin yana da wani fili a gaba da kowa zai iya zuwa ya tsaya. Wasu jiragen suna da shi, wasu kuma sun keɓe gaban saman duka ga fasinjojin da suka biya kuɗi mai yawa, kamar yadda namu ya yi. Wannan bambanci shi ke yanke hukunci. Idan filin yana nan a buɗe, mai ɗakin tsakiya zai yi barcinsa lafiya, ya yi asuba, ya hau sama ya ga shigar tasha ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Idan babu shi, ɗakin goshi ne kaɗai hanyar ganin abin da muka gani a Baleta.

Hajiya ta ce za ta sake tafiya, amma da sharaɗin ɗakin ya kasance a tsakiya kuma kada ya wuce hawa na 8. Na amince. Abin da na sa ofishin su binciko mini yanzu shi ne jirgin da gabansa yake buɗe ga kowa tun kafin fitowar rana, kuma na gaya musu ba zan biya ko kafin alƙalami ba sai na ga wurin a taswira da idona.